Daƙiƙa 90 Gaban Alƙalai: Yadda Mawaƙi Ke Zaɓen Waƙar Gwaji

A gasar The Voice, wadda aka fara a ƙasar Holan a 2010 kuma ta iso Najeriya a 2016, alƙalai huɗu ne ke zama sun juya wa dandali ƙeya. Ba su ganin fuskar mai waƙa, balle ɗinkin da ya sha. Murya kaɗai ke isa gare su, ita ma ta kimanin daƙiƙa 90. Wanda ta burge sai ya danna maɓalli kujerarsa ta juyo. Idan kiɗa ya tsaya babu wanda ya juyo, mawaƙi ya kama hanyar gida. A zangon farko na Najeriya, 2Baba da Waje da Patoranking da Timi Dakolo ne suka hau kujerun nan. Shi Timi Dakolo ya san zafin tsayuwar, domin ta irin wannan ƙofa ya shigo lokacin da ya lashe Idols West Africa a 2007.

Daƙiƙa 90 ko shayi mai zafi ba a gama sha a cikinta. Amma ita ce duk rabon mutumin da wataƙila ya kwana a mota daga Kano ko Yola, ya yini a layi, ya ranci kuɗin masauki. Abin da yawancin masu zuwa gwaji ba su ankara da shi ba shi ne, rabin hukuncin an yanke shi tun makonni kafin ranar, a lokacin da mawaƙin ya zauna a ɗakinsa ya tsayar da waƙar da zai rera. Mai zaƙin murya yakan faɗi don ya kinkimo waƙar da ta fi ƙarfinsa, mai matsakaiciyar murya kuma ya wuce don ya yi daidai ruwa daidai tsaki.

Son waƙa daban, dacewa da ita daban. Aikin zaɓe kuwa aiki ne na awo, kamar na tela.

Kowace ƙofa da mabuɗinta

Kafin a taɓa batun waƙa, sai an san su wa za su saurara da abin da suke nema.

A gidajen opera na Turai da Amurka, wato wasan kwaikwayon da ake rera zancensa da waƙa, al'ada ita ce mawaƙi ya zo da sunayen waƙoƙi kamar biyar a takarda, cikin harsuna daban-daban: Italiyanci, Jamusanci, Faransanci, sau da yawa har da Ingilishi. Shi zai zaɓi ta farko. Ta biyu kuwa alƙalai ne za su duba takardar su nuna wadda suke so. Ke nan duk waƙar da aka rubuta don cike gurbi kawai, tarko ne mutum ya ɗana wa kansa. Jamusawa sun ƙara tsananta abin da wani tsari da suke kira Fach, wanda ya kasa muryoyi gida fiye da 20 bisa tsayi da kauri da nauyi. Takardar da ta gwama waƙar siririyar murya mai tsalle-tsalle da ta murya mai nauyi tana shaida wa alƙali cewa mai ita bai gama sanin kansa ba.

A wasannin dandali irin na Broadway da ke birnin New York, ba a ma jiran waƙa ta ƙare. Gutsure ake nema, mai gaɓar kiɗa 16 ko 32, abin da bai cika wuce rabin minti zuwa minti guda ba. Su ɗan wasa suke nema wanda zai cike wani gurbi a labari, don haka mai hankali yakan kawo waƙar da ta yi kama da salon wasan, ba lallai daga cikin wasan kansa ba sai in an ce a yi haka.

Gasar talabijin wata duniya ce. A Nigerian Idol an saba fara jin mutum da murya zalla babu kiɗa, kuma a 'yan shekarun nan matakin farko yakan zama gajeren bidiyon da ake turawa ta intanet. Abin da ake farauta a nan shi ne mutumin da mai kallo zai tuna da shi gobe. Makarantar kiɗa irin ta MUSON da ke Onikan a Legas, wadda ƙungiyarta ta kafu a 1983, ita kuma ɗalibi take so wanda zai koyu: kunne mai kama sauti daidai, numfashi mai tsari, murya wadda ba a riga an lalata ta da ihu ba. A situdiyon Zoo Road a Kano, furodusa zai iya cewa kawai "ɗan yi mana wani abu mu ji". Kunnensa na kan abu uku: ko muryar tana zama a kan kiɗa, ko kalmomi suna fita tar, ko mutum yana saurin ɗaukar karin da aka rera masa sau ɗaya. Waƙa guda ba ta buɗe duk ƙofofin nan.

Awon murya

Ana yin awon ne da fiyano, ko da manhajar fiyano ta waya. Mawaƙiya ta fara daga sautin da take magana da shi, ta riƙa sauka mataki-mataki har inda murya ta koma gurnani, ta rubuta wurin. Sai ta dawo ta hau sama har inda wuya ya fara ɗaurewa, ta rubuta. Daga nan ta yanke mataki biyu ko uku a kowane gefe ta zubar. Abin da ya rage a tsakiya shi ne gonarta ta gaskiya, wadda za ta iya nomawa ko da ta tashi da mura, ko gabanta na faɗuwa. Ya kamata a yi awon nan sau da yawa, har da safiya, domin murya takan tashi da nauyi daga barci, kuma babu mai ba da tabbacin cewa ba ƙarfe takwas na safe za a kira lambar mutum ba.

Akwai abin da ya fi sanin ƙololuwa muhimmanci, wato inda waƙa ta fi zama. Wata waƙar sau ɗaya take leƙa sama ta sauko, wannan da sauƙi. Wata kuwa ba ta kai can ƙoli ba, amma ta yi zaune a wuri mai ɗan tsayi tun daga farko har ƙarshe, kuma irinta ce ke cinye murya kafin a kai rabi. Haka nan kowace murya tana da mahaɗa, inda sauti ke tashi daga ƙirji ya koma ka. A nan murya take rawa ko ta karye. Waƙar da mafi daɗin jimlarta ta faɗo daidai kan mahaɗar nan, sai dai a sauya mata mazauni ko a haƙura da ita.

Masu tsara waƙa na da can ma da awo suke aiki. Fitacciyar waƙar Sarauniyar Dare da ke cikin wani opera ɗin Mozart na 1791, wadda ke cilla murya can ƙololuwa har sau huɗu, ya ɗinka ta ne a jikin muryar Josepha Hofer, yayar matarsa, don ya san tana kaiwa wurin cikin sauƙi. Duk wadda ta ɗauko ta yau, rigar wata ta aro, kuma kayan aro ba ya rufe katara sai in an yi sa'a jiki ya zo ɗaya.

Sa'ar da mawaƙin zamani ya yi ita ce yana da damar sauya abin da 'yan situdiyo ke kira ki, wato matakin da aka ɗora waƙa a kai. Sauke ta da mataki ɗaya tak kan mayar da wahala ta zama daɗi, kuma babu alƙalin gasar talabijin da zai rage wa mutum maki don ya yi haka. Ko kundin nan na tsoffin waƙoƙin Italiya guda 24 da kamfanin Schirmer ya buga a 1948, wanda ɗaliban murya a faɗin duniya ke farawa da shi, iri biyu ake sayar da shi: na masu murya mai ɗan tsayi da na masu ɗan kauri. A waƙoƙin opera kuwa, an saba barin ki yadda mai waƙar ya rubuta.

Bakandamiyar wani

Kowane babban mawaƙi yana da waƙar da ta zama tambarinsa. Narambaɗa da Mamman Shata kowannensu yana da wadda ake kira Bakandamiya. Matsalar kawo irin wannan waƙa wurin gwaji ita ce, tun kafin mutum ya buɗe baki, mai ita ya riga ya fara rera ta a cikin kan alƙali. Daga nan ba da sauran 'yan layi ake gasa ba, da Shata ake yi, kuma an san yadda za ta kaya.

A gasar ƙasashen waje, waƙar da ta fi cin mutane ta wannan hanya ita ce "I Will Always Love You" yadda Whitney Houston ta rera ta a fim ɗin The Bodyguard a 1992. Tana farawa da murya zalla a hankali, sannan ta yi wani tashi da ke buƙatar numfashi da ƙarfi na ban mamaki, kuma duk duniya ta san daidai inda tashin yake. Abin lura shi ne ita kanta Whitney ba kwaikwayo ta yi ba. Dolly Parton ce ta rubuta waƙar a 1973, ta rera ta a sanyaye cikin salon kiɗan karkarar Amurka. Whitney ta ɗauke ta ta kai ta gidanta, ta sake mata gini. Wanda ya nace sai ya taɓa sananniyar waƙa, hanyar da zai bi ke nan: ya sauya mata tafiya, ko ki, ko yanayi, har ta zama tasa.

Za a iya cewa ai an ga waɗanda suka ɗauko manyan waƙoƙi suka ci. Gaskiya ne. A 2007 Paul Potts, mai sayar da wayoyin hannu, ya tsaya a gasar Britain's Got Talent ya rera "Nessun dorma" ta Puccini, waƙar da mawaƙi Pavarotti ya shigar kowane gida a lokacin gasar kofin duniya ta 1990, kuma shi ya lashe gasar. A 2009 Susan Boyle, 'yar shekara 47 daga wani ƙauye a Sikotland, ta girgiza wannan dandali da wata waƙa daga wasan Les Misérables. Sai dai ba daga sama suka faɗo ba. Potts ya yi karatun murya har a Italiya, ya kuma yi wasannin opera na 'yan sa-kai. Boyle ta shafe shekaru tana waƙa a coci da ƙananan taruka, ta ɗauki darasi wurin malami. Sannan waƙar da ta zaɓa ta wata mata ce da rayuwa ta danne wa buri, kuma duk wanda ya kalli Boyle a ranar ya yarda cewa ta san abin da take faɗa. Wannan shi ne awo na biyu, bayan na murya: shin bakin nan ya dace da maganar nan? Yarinya 'yar shekara 16 da ke rera kukan matar da aurenta na shekara ashirin ya mutu, ko muryarta ta kai zuma, wani abu ba zai zauna ba.

Abin da ya shafi mai waƙar Hausa

A nan akwai ramukan da malamin waƙa na Landan ba zai gaya wa kowa ba.

Na farko amshi. Waƙar Shata ko ta Musa Ɗanƙwairo gini ne na mutane da yawa: jagora ya jefa, 'yan amshi su karɓa, kalangu ko kotso ya cike tsakani. A cire waɗannan, mutum ɗaya ya tsaya shi kaɗai, sai waƙar ta zama zane mai ɓula. Ko dai ya yi shiru a gurbin amshi, ko ya yi wa kansa amshi numfashi ya ƙare. Tsarin Ɗan Maraya Jos, wanda ya yi zamaninsa shi kaɗai da kuntiginsa ba tare da 'yan amshi ba, ya fi kusa da abin da ɗakin gwaji ke bukata. Haka waƙoƙin fim na soyayya da namiji da mace ke karɓa-karɓa: sai an zauna an ɗinke baitocin murya ɗaya sun ba da ma'ana kafin a fita da su.

Na biyu na'ura. Manhajar Auto-Tune, wadda ta fito a 1997, ta zama gishirin waƙoƙin situdiyo a Arewa, kuma wasu lanƙwase-lanƙwasen da ake ji a waƙa kwamfuta ce ta yi su, ba maƙogwaro ba. Sannan muryar mata a waƙoƙin fim an saba ɗaga ta can sama, gadon finafinan Indiya da salon su Lata Mangeshkar. Yarinya mai murya mai kauri da ta matse wuya don ta kamo wannan tsayi tana binne dukiyarta ne da hannunta. Barmani Choge ba da siririyar murya ta riƙe gidajen biki shekara da shekaru ba.

Na uku harshe. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali. Jan wasali ne ya raba garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo, faɗuwar murya ce ta raba kukan ido da kukar miya. Wanda ya ɗora kalmomin Hausa a kan karin Indiya ko na Turai, ya rera wa wani dattijo ko wata gwaggo tukuna ya ga ko za su yamutsa fuska. Idan kuma alƙalan ba su jin Hausa, kamar yadda akan samu a Legas, to a tuna cewa ƙarfin waƙoƙinmu da yawa a cikin magana yake: azanci, habaici, kirari. Wanda ba ya jin harshen, abin da zai ji shi ne kari ɗaya yana ta maimaituwa baiti bayan baiti. A irin wannan wuri a nemi waƙar Hausa wadda karinta ke hawa da sauka, mai taɓa zuciya ko ba a fahimci kalma ɗaya ba. Gudun harshen gida gaba ɗaya kuskure ne, domin a layin da mutum ɗari ke rera waƙoƙin Amurka iri ɗaya, wanda ya zo da kukan gidansu shi ake tunawa. Hukumar jarrabawar kiɗa ta ABRSM, wadda aka kafa a Landan a 1889 kuma take jarrabawa a Najeriya, ta ma sanya wa ɗaliban murya sharaɗin rera waƙar gargajiya guda ba tare da kiɗa ba, cikin harshen da suka ga dama. Waƙar gaɗa, ta niƙa, ta daɓe ko ta reno duk suna iya shiga wannan gurbi.

Waƙar siyasa, ta zambo, ko ta yabon wani ubangida, a bar su a gida. Ba a san wanda ke zaune a kujerar alƙali ba.

Yanka da ɗinki

Da wuya a bar mutum ya kai ƙarshen waƙa, don haka shi zai yanka ta da kansa kafin a yanke masa. A zubar da dogon kiɗan buɗewa. A zaɓi baiti ɗaya da amshi ɗaya waɗanda in an haɗa su suna ba da ɗan labari mai kai da gindi. Mafi kyawun abin da murya ke iyawa ya bayyana cikin rabin minti na farko, kada a ɓoye shi sai a minti na uku da ba za a kai ba. Amma kada kuma a buɗe da ƙololuwa, don wanda ya fara daga kan tsauni ba shi da sauran wurin hawa. Jimlar farko ta zama mai sauƙi, a tsakiyar gonar murya, wadda za ta fita lafiya ko da gwiwa na kaɗawa. Ƙarshe kuma ya zama ƙarshe na sosai, sautin da aka riƙe aka ajiye da niyya. Waƙoƙin situdiyo da yawa a hankali ake rage musu sauti har su ɓace. Mai rerawa da baki dole ya ƙera wa irinsu wurin tsayawa.

Waƙa ta biyu wajibi ce, kuma ta saɓa wa ta farko: in waccan mai sanyi ce, wannan ta zama mai motsi. A gwajin American Idol na 2009, Adam Lambert ya fara da wata waƙar Michael Jackson, sannan ya kawo "Bohemian Rhapsody" ta ƙungiyar Queen. Na biyu ya zo a gasar, amma bayan 'yan shekaru shi ne ya zama mai riƙe wa Queen makirufo a manyan filayen duniya. Waƙar ajiya ba ta raini ba ce.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Sabuwar waƙar da aka koya a makon gwaji ita ce ta farko da ke gudu daga ka idan tsoro ya zo, saboda haka a tsayar da zaɓi da sauran makonni. Akwai gwaje-gwaje masu arha da mawaƙi zai yi wa kansa. Ya ɗauki muryarsa a waya, ya bari sai washegari ya saurara, don kunnen jiya yakan yi wa mai shi ƙarya. Ya hau bene da gudu ko ya yi tsalle na minti guda, sannan ya rera nan take. Haka zuciya za ta riƙa bugawa a gaban alƙalai, kuma a nan ake gane jimlar da numfashi ba ya kaiwa. Ya rera wa mutum biyu ko uku waɗanda ba sa jin nauyinsa, ya lura da inda idonsu ya koma kan waya. In gwajin ya faɗo a hunturu, lokacin da ƙura da bushewar iska ke shaƙe maƙogwaro, ya sake duba ki ɗin, ya kuma yawaita shan ruwa tun kwanaki kafin ranar.

Saura kayan aiki. Inda mai fiyano zai raka mutum, a kawo takardar kiɗa a ki ɗin da za a rera, an jera shafukan yadda za su buɗu da sauƙi, an yi alama baro-baro a inda za a fara da inda za a tsaya. Mai fiyanon bai taɓa ganin mawaƙin ba, wataƙila bai taɓa jin waƙar ba. A gaishe shi, a rera masa layin farko a hankali don ya kama saurin da ake so. Inda kuma kiɗan na'ura ne, a yanka shi daidai tsawon da ake bukata, a zuba a filash, a ajiye wani a waya, a tabbatar babu muryar mai waƙar ta asali a ciki.

Idan alƙali ya ɗaga hannu a tsakiyar baiti, ba lallai faɗuwa ba ce. Sau da yawa ya ji abin da yake son ji ne, ga kuma layi a waje. Mawaƙi ya yi godiya ya fita. A ranar, tun abin bai dushe ba, ya buɗe littafinsa ya rubuta waƙar da ya rera, ki ɗin da ya yi amfani da shi, inda aka tsayar da shi, da ko an nemi ta biyu. Waƙar da aka kai wurare uku ba a taɓa neman ƙari bayanta ba, a sauke ta daga jerin a gwada wata a gurbinta.